Alƙali da Maƙogwaron Auta

Sunan Alƙali ba wani ne ya raɗa wa mai askin ba, shi ya raɗa wa kansa. Ranar da aka fara nuna gasar waƙa a talabijin, ya tsaya da almakashi a hannu, ya dubi mutanen da aka zaunar a bayan dogon tebur suna yanke hukunci, ya ja tsaki, ya ce duk cikinsu babu wanda ya san inda murya take kwana. Daga ranar, duk wanda ya kira shi mai aski sai ya yi kamar bai ji ba. Mutane kuma suna son a sallame su da wuri, sai suka bi shi da Alƙalin.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne. Kujera ɗaya ce mai juyawa, sai dogon benci, sai babban madubi, sai talabijin da aka rataye a saman ƙofa, daidai bayan mai aski. Saboda haka Alƙali bai taɓa kallon gasar gaba da gaba ba. A madubi yake kallonta, injin aski na ƙara a gindin kunnensa, ƙaramin janareta na tari a bakin ƙofa. Abin da ke isa kunnensa na waƙar bai taka kara ya karya ba, amma wannan bai dame shi ba, domin yana da wani ilimi da ya ce shi kaɗai aka ba.

"Murya a maƙogwaro take," haka yake gaya wa 'yan benci duk yammacin Asabar. "Ni kuwa tun ina saurayi nake ɗaga haɓar mutane ina bin wuyansu da reza. Na taɓa na direba, na taɓa na malamin makaranta, na taɓa na mai shela. In na kalli wuyan mutum sau ɗaya, na san abin da zai fito daga ciki tun bai buɗe baki ba."

Da wannan ilimin ya zaɓi wani dogo mai jar hula. Ya ce maƙogwaronsa ya fito sosai, yana hawa yana sauka cikin natsuwa, kofi nasa ne, a daina wahalar da sauran. A makon aka sallami dogon. Ya koma kan wata siririya mai farin gilashi, ya ce wuyanta dogo ne, murya na samun hanyar tafiya, kafin ta iso baki ta nuna. Ita ma aka ba ta haƙuri. Ya ɗauko wani mai gemu, ya ce gemu yana ɗumama murya. Mai gemu ko zagaye na gaba bai gani ba.

Mutum ɗaya ne Alƙali ya tsana a gasar, wani kakkaura da kowa ke kira Gajere.

"Wannan ba shi da wuya ma," in ji shi. "Kai ne kawai aka ɗora a kan kafaɗa. Ta ina muryar za ta bi? Mako mai zuwa yana gidansu."

Mako ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa, Gajere na nan daram, har ƙiba yake ƙarawa.

A tsallaken titi akwai Mai Faci, wanda ke liƙe tayoyi a gindin bishiya. Ba ya fashin zuwa benci ranar Asabar, ba don aski ba, don ya tsokani Alƙali.

"Alƙali, wa ka zaɓa yau? Faɗa min da wuri in aika wa iyayensa su fara haƙuri."

"Jahilci ne ke damunka. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsoma taya a ruwa yana neman kumfa, me ya sani game da waƙa?"

"Ni dai in na ce taya ta huje, to ta huje. Kai in ka ce mutum ya ci, sai dai a raka shi tasha."

"Cutarsu ake yi. Waɗancan na bayan teburin ba su san aikinsu ba. Ranar da aka ba ni makirufo, a ranar za a gyara gasar nan."

"Allah ya nuna mana. Amma ka lura da kunnen mutumin nan da ke hannunka, yana da sauran amfani da shi."

Ana nan, ran wata Asabar, Alƙali ya ɗaga ido ya ga ƙanin matarsa a cikin madubi, tsaye a kan dandamali. Auta ne, direban motar burodi, saurayi mai kunya wanda in ka gaishe shi sai ya amsa wa takalminsa. Ashe ya je an gwada shi an ɗauka cikin rukunin ƙarshe da aka shigo da su gasar, bai gaya wa kowa ba sai yayarsa. Alƙali ya bar mutum da rabin kai, ya tafi gida da sauri. Ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, ta ɗago ta ga bakinsa cike da magana, ta tsayar da keken.

"Baban yara, abu ɗaya nake roƙonka don girman Allah. Kar ka yabe shi."

"Ƙanina ne fa. Kin kuwa taɓa duba wuyan yaron nan da kyau?"

"Shi ya sa nake roƙonka. In bakinka na ƙaiƙayi ka yabi Gajere."

"Wato ke ma kin bi sahun Mai Faci."

"Ban bi sahun kowa ba. Na dai ga abin da ya sami mai jar hula."

Alƙali ya haɗiye yabon, ya ci gaba da haɗiyewa mako bayan mako, Auta kuma ya yi ta tsallake zagaye. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda mutanen layi suka riƙa shigowa suna yi masa godiya a kan shirun da ya yi. Wata tsohuwa mai sayar da sabulu har addu'a ta yi masa, ta ce Allah ya ƙara ɗaure wannan baki.

Da aka zo zagayen ƙarshe, mutum uku suka rage: Auta, da Gajere, da wata malamar asibiti. Sai mai gabatar da shirin ta yi wata sanarwa da ta sa Alƙali ya kashe injin askinsa don ya ji da kyau. Ta ce ranar ƙarshe kowane ɗan gasa zai zo da mutum ɗaya, wanda ya fi kowa sanin muryarsa. Za a ba mutumin kujera a sahun gaba, dab da teburin masu hukunci, a miƙa masa makirufo ya yi magana. Kafin ranar kuma, 'yan talabijin za su bi gida gida, iyaye su nuna wanda suka zaɓa.

Nan take Alƙali ya shiga mafarki ido biyu. Ya ga kansa a kujerar nan, ya ga makirufo a hannunsa, ya ga yana yi wa ƙasa gaba ɗaya bayanin maƙogwaro, ya ga mai gidan talabijin ya taso da kansa ya kori ɗaya daga cikin masu hukuncin ya ce Alƙali ya zauna. Bai taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ya so kujerar nan ba. Matsalar ɗaya ce, zaɓin a hannun Inna yake, surukarsa, wadda ta riga ta ce ita da ciwon gwiwarta ba za ta hau benen kowa ba. Inna kuwa ba ta taɓa nuna ta ɗauki ilimin maƙogwaro da muhimmanci ba. Sai Alƙali ya yanke shawarar zama malamin Auta, ta yadda ranar zaɓi ba za a ga kowa ba sai shi.

Kowace safiya Auta na tsayar da motar burodi a wurin Mai Faci a ƙara masa iska. Nan Alƙali ya kama shi, ya ja shi cikin shago, ya zaunar da shi, ya ɗaga haɓarsa ya daddanna wuyan da yatsa.

"Maƙogwaron mai kyau ne, amma ɗanye ne. Yana son gashi."

"Yaya Alƙali, burodin mutane na cikin mota."

"Burodi zai jira. Kofi ba ya jira."

Ya tsoma tawul a ruwan zafi, ya naɗe wa Auta a wuya. Auta ya zabura, Alƙali ya mayar da shi kujera. Ya ɗauko kofi cike da wani haɗi da ya yi tun asuba, citta da barkono da kanumfari da zuma da ɗanyen ƙwai, ya ce a shanye a tashi ɗaya, ba numfashi. Auta ya leƙa kofin, ya dubi ƙofa, ya dubi mijin yayarsa. Kunya ta hana shi cewa a'a, ya rufe ido ya kafa kai. Da ya sauke kofin, hawaye na zuba ta ido, wani na zuba ta hanci.

"Ka ji yana aiki ko?"

Auta ya gyaɗa kai.

Washegari Auta ya tashi ba murya. In ya buɗe baki sai iska ta fito, da wani ɗan fito a ƙarshenta. Masu shaguna suka yi ta tambayar ko motar burodi ta canja direba, don sun saba jin waƙa kafin su ga mota. Kafin azahar Inna ta aiko a kira mata Alƙali. Ya je ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya gaida ta gaisuwa mai tsawo. Inna ba ta dube shi ba, 'yarta ta duba.

"A tambayar min mijin yarinyar nan, me ɗana ya yi masa?"

"Inna, ai ba ɓacewa ta yi ba," in ji Alƙali yana kallon ƙasa. "Tsohuwar muryar ce ke saɓa. Sabuwar na ƙarƙashi."

"A gaya masa in sabuwar ba ta fito ba kafin masu hoto su zo, ni ma ina da tawul, kuma ina da ruwan zafi."

Matar Alƙali ce ta ɗauki Auta ta ajiye shi a ɗaki, ta hana shi magana, ta riƙa ba shi ruwan ɗumi. Bayan 'yan kwanaki muryar ta dawo yadda take. Alƙali ya bi layi shago shago yana tambaya ko sun lura da yadda muryar yaron ta ƙara kauri. Ya ce aikin tawul ne, kuma wannan somin-taɓi ne, da an bar shi ya ƙarasa da tuni an rufe gasar.

Ranar da 'yan talabijin za su zo, Auta ya wayi gari da suma a kai, tana neman gyara. Ya so ya zame ya tafi wani shagon, amma ya san in labari ya kai kunnen mijin yayarsa, an shiga rigimar da ba ta ƙarewa. Yayar ce ta rako shi har bakin shago.

"Baban yara, aski kawai. Ba magani, ba shawara, ba taɓa wuya."

"Yau kuma aski za a koya min? Je ki, Maman yara, ki dawo ki ga aiki."

Tana juya baya ya sunkuya ya raɗa wa Auta cewa tauraro zai zana masa a gefen kai, ta yadda duk wanda ya gani a talabijin sai ya tambayi wane ne ya yi wannan aski. Auta ya ce shi dai a rage masa kawai. Alƙali ya ce yara ba su san abin da ke yi musu kyau ba, ya tada inji.

Da farko abin ya tafi daidai. Sai aka yi rashin sa'a, talabijin ya fara maimaita shirin makon jiya, Gajere ya cika madubi. Mai Faci, wanda ya zo ya zauna a benci tun da ya ga Auta ya shiga, ya gyara murya.

"Alƙali, ga mutuminka nan da ka ce yana gidansu."

"Don Allah dube shi," in ji Alƙali, idonsa na kan madubi. "Dubi nan, daga haɓa sai ƙirji. Inda ya kamata wuya ya tashi daga nan ya miƙe har can..."

Hannun da yake nuna miƙewar wuyan da shi, shi ne hannun da ke riƙe da inji. Injin ya tashi daga bayan kunnen Auta ya miƙe har tsakiyar kai, ya bar hanya fes, fata na sheƙi.

Alƙali ya janye hannu da sauri.

"Yaya Alƙali, na ji iska a kaina," in ji Auta.

"Salon ne haka. Kar ka motsa."

"Wannan titi ne," in ji Mai Faci. "Saura kwalta."

Alƙali ya ce zai daidaita ɗaya gefen. Ya daidaita, sai ya fi na farkon faɗi. Ya koma ya faɗaɗa na farkon. Tauraron da ya fara ya haɗu da hanyar, ya koma kamar sawun kaza. Ana cikin haka janareta ya yi tarin ƙarshe ya mutu, man ya ƙare. Alƙali ya ɗauki almakashi, almakashi ya ƙara ɓarna. Da ya ga abin ya fi ƙarfin aski, sai ya buɗe durowa ya ɗauko baƙin rinin da yake shafa wa tsofaffi masu ɓoye furfura, ya shafe duk inda fata ta fito.

"Daga nesa babu mai ganewa, kyamara kuma daga nesa take aiki."

Auta ya dubi madubi sau ɗaya. Ya ari hular Mai Faci ya kifa a kai ya fita.

Da la'asar motar 'yan talabijin ta shigo layin, layin kuma ya cika maƙil. Masu shaguna sun rufe, mata sun fito ƙofar gida, an kawo wa Inna kujera an ajiye mata a inuwa. Zafi ake yi mai sa gumi. Alƙali ya fito cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda maɓallanta suka daina gaisawa da juna tun haihuwar ɗansa na biyu. Ya jawo kujerar askinsa waje, ya kafa ta inda mai kyamara ba zai iya kauce mata ba.

Mai gabatarwa, wata matashiya mai fara'a da zaƙin baki, ta gaida Inna, ta gaida yayar Auta. Tana shirin yin tambayar farko, Alƙali ya shiga tsakani.

"Ranki ya daɗe, kar ki wahalar da tsohuwa. Ni ne malaminsa. Muryar nan da kuke ji, a hannuna aka gasa ta."

"Ashe? Malam wa?"

"Alƙali. Duk layin nan an san ni. Tun yana ƙarami nake bibiyar muryarsa. Ko a cikin mutum dubu ya yi tari, zan ce ga Auta can."

"A gwada shi mana," wata murya ta ce daga cikin taro. Ba sai an waiwaya ba, Mai Faci ne.

Idon mai gabatarwa ya yi haske, irin na wadda ta tsinci abin da zai ƙawata mata shiri. Ta ce abu ne mai sauƙi. Malam zai zauna a kujerarsa, a rufe masa ido, a jiyar da shi muryoyin mutum ukun da suka rage, ya ware ta ɗalibinsa.

Alƙali ya ɗan ja da baya.

"A rufe ido kuma? Ai da an bar ni na ɗan ga wuyansu..."

"Murya za ka ji, Malam Alƙali, ba wuya ba. Ko akwai matsala?"

Kyamara na kansa, Inna na kallonsa, layi gaba ɗaya na jira. Ya ce babu matsalar komai, shi da ya saba. Aka zaunar da shi, aka ɗauko tawul daga shagonsa aka ɗaure masa ido tam.

Murya ta farko ta tashi daga lasifika. Namiji ne, murya mai kauri, mai cika, har kujerar na ɗan rawa. Alƙali ya yi lissafi cikin duhu. Auta na da dogon wuya, dogon wuya kuwa shi ke ba da babbar murya, mutumin da ba shi da wuya ba zai taɓa fitar da wannan ba. Ya ji hankalinsa ya kwanta, ya ɗaga hannu.

"Tsayar da ita haka. Wannan tawa ce. Kun ji cittar nan? Kun ji inda tawul ya bi? Wannan murya ko a mafarki na ji ta zan gane. Kofi nasa ne, na faɗa a gaban kowa."

Taro ya yi wani irin guna-guni, wasu suka ƙyalƙyale. Alƙali ya ɗauka mamakin basirarsa suke yi, ya gyara zama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Aka saki ta biyu.

"Wannan mace ce," ya faɗa da ƙarfi.

"Allah ya ƙara basira," in ji Mai Faci.

Sai ta uku ta tashi. Siririya ce, mai taushi, tana hawa a hankali, kuma kamar ta fi sauran kusa da shi. Layin ya yi shiru, har masu yara suka rufe musu baki. Alƙali bai tsaya saurare ba, don lissafi ya riga ya ƙare masa. An cire Auta, an cire mace, saura wa? Duk haushin da ya tara na makonni ya taso masa, ga kuma makirufo a bakinsa karon farko a rayuwarsa.

"Yawwa, an zo wurin. Wannan Gajere ne. Ku saurara da kyau ku ji abin da nake faɗa muku tun farkon gasa. Murya ce da ta rasa hanya, ta matse ta fito ta hanci. Ƙofar shagona in ba ta ga mai ba ta fi wannan daɗin ji. Wanda ya ce wa mutumin nan ya iya waƙa, ya cuce shi. A mayar da shi gida ya nemi sana'a. Ko uwar da ta haife shi, in yana yi, toshe kunne take yi, kunya ce ta hana ta faɗa."

Waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti.

Ba a yi dariya ba, ba a yi tafi ba. Alƙali ya ji an kama ƙullin tawul daga baya an warware, ya gane hannun matarsa ne. Da haske ya dawo masa, abin da ya fara gani shi ne Auta, tsaye dab da kujerar, makirufo a hannu, bakinsa a ɗan buɗe. Ba daga lasifika ta uku ta fito ba, mai gabatarwa ce ta yafito shi ya yi da bakinsa. Ya cire hula don girmama taro, gumi ya narkar da rinin, baƙin ruwa na gangarowa ta bayan kunnensa har cikin riga, hanyoyin nan biyu da sawun kaza sun fito fili. Mai kyamara kuwa ba daga nesa yake aiki ba, ya matso har yana neman taka ƙafar Auta.

A bayan Auta, Inna na zaune, ta ɗora haɓa a kan sandarta.

"Malam Alƙali," in ji mai gabatarwa cikin ladabi, "ta farkon da ka ce a hannunka aka gasa, ita ce ta Gajere."

"Tawul ɗin ne. An ɗaure shi da yawa, ya hana ni ji."

"Ai a ido aka ɗaura maka shi."

"To ai ni da ido nake ji."

Nan layin ya fashe. Mai sayar da sabulu ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, mai kyamara ya kasa tsayar da hannunsa, direban motar talabijin ya kifa kai a kan sitiyari har oda ta yi ƙara. Alƙali ya so ya ƙara bayani a kan alaƙar ido da kunne, amma an riga an janye makirufon.

Da hayaniya ta lafa, mai gabatarwa ta durƙusa gaban Inna ta tambaye ta wa ta zaɓa wa kujerar. Inna ta yi magana a hankali, yadda sai da kowa ya kasa kunne.

"Da safiyar nan na riga na ba mijin 'yata. Ita ta zo ta roƙe ni, har da hawayenta, ta ce ba abin da yake so a duniya kamar kujerar nan, a ba shi ko ya huta. Na ce to. Amma tunda an ce uwar yaron ma toshe kunne take yi, ban ga dalilin da za a wahalar da shi ya je ya zauna kusa da lasifika ba. Auta, faɗi naka."

Auta ya dubi takalminsa.

"Mai Faci, Inna. Duk sabuwar waƙa shi nake fara rera wa da safe, yana sa min iska. In na kauce yakan gaya min."

Alƙali ya waiwaya ya nemi matarsa. Tana tsaye tana ninke tawul, ta ninke ta sake ninkewa, ba ta ɗago ba. Dariyar layi ba ta yi masa ciwo kamar wannan ba. Kujerar tana hannunsa tun safe, ba tare da citta ba, ba tare da tauraro ba, ya kuma sa bakinsa ya ture ta a gaban wadda ta roƙo masa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai san yana da ita ba.

Motar talabijin ta tafi, mutane suka watse suna maimaita wa juna abin da kowa ya gani. Alƙali ya ja kujerarsa ya mayar cikin shago shi kaɗai, ya cire kwat ya rataye a ƙusa, ya sa tsintsiya ya fara tattara sumar Auta da ke ƙasa tun safe.

Inuwa ta tare ƙofa. Mai Faci ne, ya wanke hannu har gwiwa, yana riƙe da galan ɗin mai. Ya zuba wa janareta, ya ja igiya ya tayar da shi, ya shigo ya haye kujera, ya miƙe ƙafa ya dubi kansa a madubi.

"Mai aski, a gyara min kai, talabijin zan shiga. Amma kashe akwatin can tukuna."